Wa Ya Ce Sai Mun Je Dukanmu?

Babu karin maganar da aka zalunta a ƙasar Hausa kamar "zumunta a ƙafa take". Da ita ake tayar da tsohuwa mai ciwon ƙafa daga shimfiɗarta, da ita ake fitar da yaro daga aji ranar Juma'a, da ita ake cusa mutum kusan 30 cikin motar da aka ƙera don mutum 19, a kama hanyar kilomita 600 da ɗoriya cikin dare, don kawai a ce gidan wane sun zo biki ƙwansu da kwarkwatarsu. Duk wanda ya buɗe baki ya ce a rage, sai a jefe shi da ita, ya yi tsit. To, ni zan buɗe nawa, ko da gwaggwanni da innoni za su ce boko ya ɓata ɗiyar nan. Wannan ayari da muke haɗawa kowane ƙarshen mako don zuwa auren dangi a gari mai nisa ya koma ƙidayar kawuna, kuma abin da yake ci na dukiya da lafiya da rayuka ya fi ƙarfin abin da yake sayo mana.

Aikina gabatar da shirye-shirye ne a wani gidan rediyo a nan Maraɗi, kuma cikin aikin akwai karanta sanarwa. Wanda ya daɗe a kan wannan kujera ya san yadda mako yake juyawa. Laraba da Alhamis katunan aure ne ke cika tebur: iyalan Alhaji wane da na marigayi wane suna farin cikin gayyatar 'yan uwa da abokan arziki, na Yamai da Damagaram da Tawa da Agadas da Katsina da Kano. Litinin da Talata kuwa sai takardun su sauya launi, a shiga "Inna lillahi", kuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na karanta rasuwar mutanen da hanyar biki ta ci, wani lokaci uwa da goyonta cikin layi ɗaya. Masu saurare suna jin sanarwa ɗaya su yi addu'a su wuce. Mu da takardun suke bi ta hannunmu muna ganin zaren da ya haɗa ta Alhamis da ta Litinin. Shi ya sa wannan magana ta daɗe tana cina.

Mu fara da karin maganar kanta, mu tambayi waɗanda suka ƙirƙire ta me suke nufi. A zamanin kakanninmu, mace idan za ta je bikin ɗiyar yayarta daga Tsibiri zuwa Tasawa, da ƙafa ko a kan jaki take tafiya, kuma ba ta isa yau ta juyo gobe. Tana isa tun kafin a sa amarya lalle, ta kama daka, ta kama surfe, ta tsaya kan tukunya, ta kwana ɗaki ɗaya da 'yar uwarta su yi hirar shekara uku cikin dare bakwai. Bayan an kai amarya ta ƙara kwanaki, ta zaga dangi gida-gida, ta yi gaisuwar mutuwar da ba ta samu zuwa ba, ta ga jariran da aka haifa bayan rabuwarta da garin. Baƙuwar biki a wancan lokaci hannu ce da aka ƙara wa masu gida. Ƙafar da karin maganar take nufi ke nan, wadda take zuwa ta zauna.

Sai aikin albashi ya zo, makarantar boko ta zo, mako ya rabu biyu: kwanakin aiki da kwanakin hutu. Aka matse bikin kwana bakwai cikin Asabar da Lahadi, amma ba a rage yawan masu zuwa ba, sai ma ƙaruwa da suka yi saboda mota ta sauƙaƙa. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sauyawa take yi, mu kuwa muka riƙe yawan jama'ar, muka yar da zaman da ya ba zuwan nasu ma'ana.

Bari in ba da misali da gidanmu, kada a ce ina zagi a kasuwa. An sa auren ɗiyar kawuna a Yamai, ranar wata Asabar da safe. Da aka zauna shawara na ce a tura mutum biyar, a haɗa sauran kuɗin a ba amarya. Gwaggona babba ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyar nan, ranar naki bikin su nawa suka zo? Ko kin manta?" Magana ta mutu a nan. Tun da mahaifiyata za ta, kuma tana da hawan jini, dole in bi ta in riƙe mata magani. Aka ɗauki hayar Hiyas, muka shiga manya 21 da yara 7, ga buhun gero da jarkar man gyaɗa da akwatuna an ɗaure a sama har motar tana rangaji. An ce za a tashi da an sauko daga Juma'a, amma jiran mai ɗinkin da bai gama anko ba ya kai mu ƙarfe 3.

Wanda ya san hanyar ya san lissafin. Daga Maraɗi zuwa Yamai kilomita 660 ne ko kusa da haka. Ka wuce Gidan Rumji, ka wuce Madawa da Galmi, kafin ka bar Birnin Ƙonni rana ta faɗi, kuma saura fiye da kilomita 400 a gabanka: Dogon Dutsi, Doso, Birnin Gaure, duk cikin duhu. Muka isa ƙarfe 3 na dare, ƙafafun tsofaffi sun kumbura, yara sun yi kuka har sun gaji. Aka shimfiɗa mana tabarmi a tsakar gidan wani maƙwabci, domin gidan kawu ya riga ya cika da ayarin Tawa da na Damagaram. Da safe maza suka je ɗaurin aure, wanda bai ɗauki minti 20 ba. Mu mata muka wuni ƙarƙashin rumfa cikin ƙarar lasifika, ba mai jin maganar wani. Amaryar da muka yi wannan tafiya dominta na gan ta sau ɗaya, an lulluɓe ta, mai hoto yana cewa mu matsa mu ba wasu wuri. Mahaifiyata da kawu, ciki ɗaya suka fito, shekara biyu ba su haɗu ba, amma abin da ya shiga tsakaninsu bai wuce "Yaya, kun zo lafiya? An ba ku abinci?" ba, sai wani ya ja hannunsa.

Ranar Lahadi ƙarfe 2 muka juyo. Taya ta fashe mana bayan Dogon Dutsi, Allah ya taƙaita direba ya riƙe motar. Can tsakar dare, tsakanin Ƙonni da Madawa, ina zaune bayansa na ga kansa yana sunkuyawa yana ɗagowa, sai da na sa wani ƙanena ya koma gaba yana jan sa da hira. Ƙarfe 3 na daren Litinin muka shiga Maraɗi. Yara uku ba su je makaranta ba ranar, gwaggon da ta rufe mini baki ta yi mako tana jinya. Awa 25 muka yi cikin mota don mu yi awa 35 a Yamai, kuma cikin awa 35 ɗin ban ga zumuntar da aka yi ba wadda wayar salula ba za ta iya ba.

Da hankali ya kwanta na ɗauki biro na yi lissafi. Hayar mota da mai, jaka 280. Anko na mata 14, atamfa da ɗinki, jaka 12 kowace, ya kama jaka 168. Abincin hanya da kuɗin shingaye da tayar da aka saya, jaka 52. Jimilla jaka 500, rabin miliyan ke nan na sefa. Gudummawar da duk ayarinmu ya damƙa wa uwar amarya kuwa jaka 90 ce. Wato a duk jaka 6 da rabi da suka fita daga aljihunmu, ɗaya ce kawai ta isa inda aka nufa, sauran kwalta da tela suka cinye. Yarinyar nan ta shiga ɗakin haya, mijinta ƙaramin ma'aikaci ne. Da jaka 500 ɗin nan ta isa hannunta, da ta sayi keken ɗinki da firiji ta kama sana'a, ko a biya musu hayar watanni. Kuma na san inda wasu daga cikin kuɗin suka fito: akwai wadda ta ɗauki adashenta tun kafin lokacin da ta tsara, akwai wadda ta sayar da tunkiyar da take kiwo don Layya, akwai wanda kuɗin makarantar ɗansa ne ya taɓa. Kowa ya yi irin wannan lissafi a gidansu zai samu abin da na samu, bambancin kawai yawan sifili.

Sannan mu waiwayi mai masaukin, wanda muke cewa don mu faranta masa muka zo. Ayari uku ko huɗu irin namu suka sauka a kansa dare ɗaya. Kowane baki sai ya ci sau uku a rana, sai an sayi ruwa, sai an yi hayar tabarmi da kujeru, sai an roƙi maƙwabta ɗakuna, kuma ranar komawa ba a sallamar baƙo hannu sake, sai an ƙulla wa kowace ƙunshin kayan biki. Mutumin da ya riga ya tsiyace wajen gado da katifa da kwanoni, shi muke ɗora wa ciyar da mutum 100 na kwana biyu. Ba zai faɗa ba, kunya ba za ta bar shi ba. Zai tsaya bakin ƙofa yana murmushi yana "Sannunku da hanya", cikinsa kuwa yana lissafin buhun shinkafa nawa ya rage da wanda zai je wa rance gobe. Kowa cikinmu ya taɓa zama mai masaukin nan ko zai zama, kuma kowa ya san abin da zuciyarsa ta faɗa lokacin da mota ta uku ta tsaya a ƙofar gida. Muna cutar juna da sunan karamci, kowa yana jiran ranar da zai rama.

Duk wannan magana ce ta kuɗi, kuma kuɗi ana mayar da su. Abin da ba a mayarwa shi ne rai. A duk tsarin tafiyar biki akwai mutum ɗaya da ba a sa shi cikin lissafi, alhali rayukan kowa suna hannunsa, wato direba. Ya tuƙa awa 12 daren Juma'a. Ranar Asabar ba a bar shi ya kwanta ba, shi ne kai maza masallaci, shi ne ɗauko kujeru, shi ne kai mata wajen kwalliya, shi ne cikin jerin gwanon kai amarya har tsakar dare. Ya kwana cikin motarsa sauro na cizo. Ranar Lahadi mu ɗora masa 'ya'yanmu mu ce ya yi sauri, gobe akwai aiki. Wasunsu da shayi mai kauri suke riƙe ido, wasu da abin da ya fi shayi, kuma mun sani muna kawar da kai. Hanyar kuma ba ta da tausayi da dare: manyan motocin albasa da na siminti masu fitila ɗaya, amalanken shanu da ba ta da ko ƙyalle mai haske, raƙumi ko jaki da zai faɗo kwalta ba sallama, ramin da ba ka gani sai ka faɗa. Ga motar da aka yi wa lodi fiye da ƙima, birkinta ba ya kamawa yadda ya kamata, tayarta tana zafi. A ɓangaren kudu kuma, wajen iyakarmu da Jibiya, an ƙara mana da fargabar 'yan bindiga masu satar mutane.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kusan mutum miliyan 1.19 ne haɗarin hanya yake kashewa duk shekara a duniya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Nahiyarmu ta Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, alhali mu ne muka fi kowa ƙarancin motoci. Abin da ya sa haɗarin ayarin biki ya fi kowane muni shi ne gida ɗaya ake zubawa cikin mota ɗaya. Motar kasuwa idan ta faɗi, gidaje 19 ne kowanne ya yi rashin mutum ɗaya. Motar biki idan ta faɗi, zuriya ce take tafiya, kaka da 'ya'ya da jikoki, har a rasa wanda zai zauna karɓar gaisuwa. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga irin wannan a watan Yunin 2023, lokacin da jirgin ruwa ya kife a kogin Kwara a yankin Patigi da mutanen da suke dawowa daga biki cikin dare, fiye da mutum 100 suka rasu. Ruwa ne ya ci su, mu kwalta ce take cin mu, amma sababin ɗaya ne: dare, lodi, da gaggawar komawa gida. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya san abin da ya kamata ya yi wa nasa.

Na san amsar da ake bayarwa, domin ina jin ta a waya duk ranar da na taɓo zancen a shiri. Sai a ce, "Malama, ai ajali ne, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gadonsa sai ya tafi." Gaskiya ne, babu mai musun wannan. Amma mai faɗar haka yana kulle ƙofarsa da dare, yana ɗaure akuyarsa, yana kai ɗansa asibiti idan zazzaɓi ya kama shi, kuma ba ya barin jaririnsa bakin rijiya ya ce ajali. Me ya sa sai an zo kan lodin mota tawakkalinmu yake tashi? Addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya koya mana a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Uban da ya sa 'ya'yansa huɗu cikin motar da ya ga tayarta ta suɗe, ya ga direban bai yi barci ba, ya kamata ya san cewa za a tambaye shi amanar da aka ba shi.

Tun da an kawo addini, to mu bi shi har ƙarshe. Aure yana ƙulluwa da waliyyi da shaidu biyu da sadaki da siga. Ango kansa yana iya wakilta wani, kuma kullum muna gani ana yi. Walima sunna ce, amsa gayyatarta kuma abu ne mai ƙarfi, amma malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa wajibcin yana kan wanda aka ayyana shi da gayyata, kuma ko shi yana da uzurori da suke sauke masa, cikinsu har da tsananin cunkoso da abin da zai cutar da shi. Katin da aka rubuta "iyalan wane" bai wajabta wa jariri ɗan wata huɗu da tsohuwa mai ciwon suga su kwana a hanya ba. Mu kuma tambayi kanmu salla nawa ake yi a kan lokaci cikin irin wannan tafiya, da Asubar Litinin nawa ake sallata bayan rana ta fito. Wannan nauyi mu muka ɗora wa kanmu, kada mu jingina shi ga Allah.

Gaskiyar abin da yake tura mu cikin motar nan shi ne littafi. Kowace uwar biki tana da shi, a rubuce ko a ka: wa ta zo, da mutum nawa ta zo, me ta kawo. Biki bashi ne, kuma mu mata mu ne masu karɓar bashin da masu biyansa. Ba na raina wannan tsari, domin shi ne bankin matan da ba su da banki; da shi marainiya take samun kayan ɗaki, da shi matar talaka take aurar da ɗiya ba ta ji kunya ba. Abin da nake ƙi shi ne yadda muka mayar da jikin mutum kuɗin biyan bashin. Wadda ta aiko jaka 30 ba ta zo ba, a ce ta yi girman kai. Wadda ta kashe jaka 30 a mota da anko ta miƙa jaka 2, a ce ita ce mai zumunci. Wane irin lissafi ne wannan? 'Yan uwana mata, littafin nan mu muke riƙe da shi, kuma ranar da muka yarda mu rubuta aike daidai da zuwa, rabin motocin nan za su zauna a tasha.

Akwai wata hujja da ta fi duk sauran nauyi, kuma mata ne suke faɗa mini ita a asirce. Suna cewa, "Idan kika hana mu tafiyar biki, yaushe za mu ga danginmu? Maigida ba ya barin mu fita gari sai biki ko mutuwa." Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma a nan maganar ta koma kan maza. Malam, kai da kake ƙorafin matarka ta cika zuwa biki, yaushe rabon da ka ce mata ta shirya ta je ta yi mako wajen mahaifiyarta haka kawai, ba kiɗa ba makoki? Ka toshe ƙofar ziyara, ka bar ta biki kaɗai a buɗe, sannan kana mamakin ganin kowa yana turereniya a bakinta. Kuma kada maza su ɗora mana laifin duka: su ne suke son a ƙirga motocin da suka zo daga garinsu a ɗaurin aure, su ne suke cewa "kada mu ji kunya a idon surukai". Bar wa matarka ziyara lokacin hutun makaranta, da rana, a motar da kowa yake da kujerarsa, ka gani ko za ta ƙara yi maka rigimar ayarin dare.

Masu cewa aure ba ya armashi sai da ayari, mun riga mun gwada mun gani. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. A 2020 annobar korona ta sa aka killace Yamai, ba shiga ba fita. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake rufe iyaka tsakaninmu da Najeriya har zuwa Maris na 2024. Tsakanin Maraɗi da Katsina, tsakanin Damagaram da Daura da Kano, tsakanin Ƙonni da Illela, dangi ɗaya ne iyaka ta raba, kuma ba a daina aure ba a waɗannan watanni. Wasu sun bi ta daji a kan babur, amma da yawa wakilai suka naɗa, suka aika gudummawa ta masu aika kuɗi, suka yi wa amarya huɗuba ta waya. Auren da aka ɗaura a lokacin suna nan, an haifi 'ya'ya, ba wanda aka raba don motar Maraɗi ba ta zo ba. Abin da dole ta koya mana, me zai hana hankali ya riƙe shi?

Ba doka nake nema ba. Tun zamanin Seyni Kunce hukuma ta gwada ƙayyade sadaki da kashe-kashen bukukuwa, ga mu nan har yau muna abin da muka ga dama, domin jandarma ba ya shiga zuciyar uwar biki. Gyaran daga cikin gida zai fito, kuma ba shi da wuya. Idan aure ya kama a gari mai nisa, dangi su zauna su fitar da mutum huɗu ko biyar waɗanda zuwansu yake da amfani: waliyyi ko wakilinsa, uwa ko gwaggo da za ta tsaya wa amarya, da masu ƙarfin da za su kama aiki. Su tafi tun Laraba ko Alhamis, da rana, su dawo da rana. A riƙa juyawa, wanda ya je wannan ya huta a na gaba. Kuɗin motar da na ankon sauran a tara a kai wa amarya da sunan kowa, a rubuta a littafi. Yaran makaranta da jarirai da marasa lafiya su zauna gida. Idan an ɗauki hayar mota, kujera ɗaya mutum ɗaya, kuma direba baƙo ne kamar kowa, a ba shi ɗaki ya yi barci, a nemi wata motar don zirga-zirgar cikin gari. Masu gayyata su ma su taimaka, su buɗe baki su ce wa dangin nesa, "Mun yafe muku zuwa, addu'arku muke so." Kalmar nan guda daga bakin babban gida ta fi wa'azin shekara.

Sauran dangi kuma, ga lokacin da amarya take bukatarku: bayan wata biyu ko uku, sa'ad da rumfa ta tashi, baƙi suka watse, ta zauna ita kaɗai a ɗaki cikin garin da ba ta san kowa ba, ta fara gane halin miji da na dangin miji, tana neman wadda za ta faɗa wa abin da yake damunta. Ranar biki tana da mutum 500 da ba ta iya gane fuskarsu. Ranar nan ba ta da ko ɗaya. Gwaggon da ta je a wannan lokaci ta kwana uku, ta duba tukunyarta, ta saurare ta, ta yi wa mijin nasiha cikin hikima, ita ce ta taka ƙafar da magabata suke nufi, kuma sau da yawa ita ce take tsare auren daga mutuwa.

Iyayenmu, ku ne kuke yanke shawara a zauren gida da tsakar gida, ku muke roƙo. Idan ɗa ko ɗiya ta ce a rage ayari, ku saurari lissafinta kafin ku jefe ta da karin magana. Allah ya ba ma'aurata zaman lafiya, ya kai matafiya gida lafiya, ya jiƙan waɗanda hanya ta ci.